Inna Tafireta da akwatin batir

A layin da shagunan buga takardu suke, ban taɓa jin wanda ya kira ta da sunanta na gaskiya ba. Inna Tafireta kowa ke cewa, har da waɗanda aka haifa bayan tafireta ta zama kayan bola. Ni mai gyaran kwamfuta ne, kuma ba ni da ɗabi'ar yabon masu kawo mini aiki. Sana'ar nan ta nuna mini cewa yawancin injunan da ake kira na a kansu lafiyarsu ƙalau, masu su ne ke neman gyara. Amma ita wannan tsohuwa ina ganin girmanta, kuma har yau in na tuna yadda ta ƙare da ita, raina ɓaci yake yi.

Tun tana budurwa ta koyi bugu. Mijinta ma a kan tafireta suka haɗu, shi yana gyarawa, ita tana bugawa, har suka buɗe shago nasu na kansu. Waɗanda suka san ta a lokacin sun ce sai ta riƙa hira da mutum, idonta a kan fuskarsa, yatsunta na ta gudu, kuma in ta zare takardar ba za ka tsinci harafi ɗaya a karkace ba. Takardun neman aiki, na kotu, na rabon gado, tambayoyin jarrabawa, duk ta hannunta suka bi. Asirin rabin unguwa na cikinta, ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinta ba.

Sai gobara. Wani abu aka bari a jone a soket bayan an tashi, kafin a ankara shagon ya kama. Mijin ya kutsa ciki don ya ceto injuna, ya fito rungume da guda ɗaya, ƙirjinsa cike da hayaƙi. Tarin nan bai sake shi ba sai da ya kai shi kabari. Ba wanda ya ce ita ce ta manta da abin a jone. Ita ma ba ta taɓa cewa ba ita ba ce. Abin da dai kowa ya gani shi ne, daga ranar ba ta ƙara barin wurin aiki da wani abu a jone ba. In lokacin tashi ya yi, duk wani abu mai wutsiya sai ta zare shi, na bango da na jikin inji, ta naɗe kowane kebul a hannu, ta jera su a aljihun tebur, ta lulluɓe injin da ƙyalle. Da safe ta mayar da kowanne gurbinsa.

Wanda ya ɗauke ta aiki bayan gobarar, a hannun mijinta ya koyi sana'a. Da ya buɗe nasa shagon sai ya je har gida ya ce, "Inna, akwai kujera, taki ce." A nan ta koyi kwamfuta da furfurarta, tana yi tana tsaki, wai madannan ba su da ƙashi, kamar mutum na taɓa soso. Ɗakin baya ya ba ta, can ƙarshen wani ɗan lungu. Teburinta na ƙarƙashin taga, tana ba ƙofa baya. Da rana ba ta kunna ƙwai, hasken taga ya ishe ta. Fanka kuwa ta ce ba ta son abin da zai riƙa kwashe mata takardu, don haka har gizo-gizo ya yi gida a kanta.

Kujerar nan ita ce abin da ya rage mata. 'Yarta, wadda ke aure a can wani gefen gari, ta daɗe tana naci a kan ta ajiye aiki ta koma wurinta ta huta. Ita kuwa Inna cewa take, "Hutun me? In je in zauna a lungu ina korar ƙuda, ana tsallake ni?"

A ƙarƙashin teburin akwai wani baƙin akwati mai nauyi, wanda mu 'yan sana'a ke ce wa UPS. Batir ne a cikinsa. In an ɗauke wuta, shi ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci, ya riƙa wani siririn kuka mai shiga kunne don mai aiki ya sani. Ban da kukan, akwai wani ɗan kebul da ya haɗa shi da kwamfutar. Ta nan yake gaya mata an ɗauke wuta, ita kuma ta fito da saƙo a fuskarta, cewa a adana aiki, batir ne ke riƙe da mu. In ma ba a kula ba, kafin batirin ya ƙare sai ta rufe kanta a tsanake. In kebul ɗin nan bai isar da magana ba, kwamfuta ba ta san komai ba, tana cikin aiki za ta mutu ɗif, wani lokacin har ta lalata abin da aka riga aka adana.

Abin da ya fara faruwa da Inna ke nan. Mai shagon ya kira ni ran nan, ransa a ɓace. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kwamfuta ta mutu a hannunta. Na ƙarshen ne ya fi muni, kundin wani ɗalibi ne da ta daɗe tana bugawa, ya ƙi buɗuwa, ɗalibin ya zauna a dandamalin shago yana hawaye kamar an yi masa rasuwa.

Mai shagon ya ja ni gefe. "Ta ce kwamfutar ta daina nuna mata saƙo. Na ce to akwatin fa, ba ya kuka? Ta ce ƙarar janareto ce ke danne shi. Ka san layin nan, kowa da nasa, ba ka sanin na wa ke ruri. Na yarda. Amma wallahi na fara tunanin ko tsufa ne ya fara taɓa mata kai. 'Yarta kullum sai ta kira ni. In aka sake yin irin wannan, ba ni da bakin da zan ba mutane haƙuri. Sai dai ta koma gida."

Na shiga ɗakin baya da jakata. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya, ta kafe ni da ido ta saman tabarau.

"Likitan ƙarfe ya iso," in ji ta. "Zauna nan kusa da taga in gan ka da kyau. Har yanzu ba ka yi aure ba, ko? Ga alama nan a wuyan rigarka."

"Inna, wa zai ba mai kwana da sukurdireba a aljihu 'yarsa?"

"To gyara mini waɗannan biyun. Gaba suke yi da juna, ni ce ke shan wahala."

Na duba, na ga gaskiyarta. Kwamfutar na nuna cewa ba ta ganin akwatin kwata-kwata. Na yi abin da kowane mai gyara ke fara yi, na zare kebul ɗin ta kowane gefe, na hure shi, na mayar. Nan take suka gaisa. Na ce a raina wannan ai ba aiki ba ne, na ɗauki jakata ina hura hanci.

Bayan kwana biyu aka sake kira na. Na zo, na zare, na mayar, ya yi. Na ce to kebul ɗin ne ya tsufa, na kawo sabo. Ya yi aiki, ya sake ƙi. Na canza masa rami a bayan kwamfutar. Na goge manhajar da ke sauraren akwatin, na sake zuba ta. Na hana kwamfutar kashe ramukanta da sunan tattalin wuta. Na auna batirin, na same shi da sauran ƙarfinsa. Har akwatin shagona na ɗauko na kawo aro, na tafi da nata, ya kwana a wurina yana magana da kwamfutata kamar 'yan uwa. Shi kuma nawa, da bai taɓa ba ni ciwon kai ba, yana kwana a ɗakinta ya koyi gaba. Abin ya sha mini kai. Wata rana ya yi, wata rana ya ƙi, kuma duk sanda na sa masa hannu sai ya warke. Mai shagon ya fara yi mini wani irin kallo. Ita kuwa Inna ta daina tsokana ta. Na ga ta koma adana aiki bayan kowane layi, ta rame a tsaye.

Sai na ce tunda da rana nake zuwa in tarar da abu ya lalace, bari in zo in ga yadda safiyarsa take. Na riga ta isowa. Ta buɗe ɗaki, ta yaye ƙyalle, ta ninke shi, ta jawo aljihun tebur, ta durƙusa da kyar tana dafa gwiwa. Ɗaya bayan ɗaya take mayar da su, ba ta kuskuren rami ko ɗaya. Da ta zo kan ɗan kebul ɗin, na matso. Kan da ke shiga bayan akwatin yana da wani ɗan harshe na roba, wanda in ya shige har ƙarshe sai ya ce ƙas, ya kulle. Ta tura shi, ya tsaya a ramin, ta saki, ta miƙe. A ido ya shiga. Na miƙa hannu na ƙara danna shi kaɗan.

Ƙas.

Ashe abin ke nan. Ran da ya yi sa'a ya shige, su yi magana. Ran da ya tsaya rabi, shiru. Ni kuma gwanin gyara, duk zuwan da na yi, da hannuna nake fara goge shaidar kafin in soma bincike.

Ina durƙushe na ce, "Inna, ai ba kya kai shi ƙarshe. Sai kin ji ya ce ƙas."

Ba ta amsa ba. Ta riga ta zauna, ta ba ni baya, ta fara bugu. Na ɗauka fushi ta yi. Ina shirin maimaitawa aka ɗauke wuta, akwatin ya tsala kukansa, irin kukan da ko a lungu kake sai ya soke maka kunne. Janareton maƙwabta ba su ma tashi ba tukuna. Ni da na saba da shi sai da na zabura. Ita ko gezau. Yatsunta na tafiya, kanta na ɗan kaɗawa yadda ta saba. Na tsaya a bayanta kamar an dasa ni.

Saƙon ba ya fitowa nan take, sai an ɗan ja numfashi. Da ya fito, ta adana aikinta da sauri, ta juyo da murna za ta gaya mini. Tana ganin fuskata murnar ta gushe. Ta cire tabarau ta riƙe a cinya.

"Ka gani ko?"

"Na gani, Inna."

"Tura ƙofar nan. Ka dawo nan gaban taga."

Na tura, na dawo. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa kujerar baƙi take inda haske ke dukan fuskar mutum.

"Tsuntsaye na fara rasawa," in ji ta. "Na ce ko sun yi ƙaura ne. Sai kukan waya. Yanzu mutum in ba bakinsa nake kallo ba, kamar yana magana a cikin bargo. Da can ina jin ƙas ɗin nan da kake faɗa. Na ɗauka sababbin kebul ne ba sa yi."

"Kin je asibiti?"

"Na je a ɓoye. Sun ce ba ya dawowa. Sun ba ni wani abu na maƙalawa a kunne. In na sa shi na shigo layin nan, kafin azahar 'yata ta ji." Ta nuna kwamfutar da haɓa. "Ita ce kunnena, ɗan nan. In ta gaya mini, ba wanda zai san komai. Idona ras, hannuna ras. Ka rufa mini asiri."

Na ce mata maganin ai mai sauƙi ne. Wannan ɗan kebul ɗin ba ya ɗauke da wutar da za ta ƙona ko takarda. Ta zare sauran duka in tana so, ta bar shi shi kaɗai a jone, ni zan naɗe shi da salatif.

Ta girgiza kai. "Haka aka ce da wancan na ranar gobara ma. Ɗan ƙaramin abu ne."

Ban sake tayar da maganar ba. Na kama hannunta, muka durƙusa tare, na ɗora babban yatsanta a kan ɗan harshen robar. Na ce ta manta da kunne, ta saurara da yatsa. Ta tura, ya kulle, ta ji ɗan motsinsa a fatarta. Na ce in ya yi haka ta ja shi baya kaɗan, in ya ƙi fitowa to ya zauna. Muka yi ta yi, tana zarewa tana mayarwa, har ta fara dariya.

"Ka ga tsohuwa ta koma aji ɗaya," ta ce. "In na sami jika mai haƙuri zan ba ka."

Daga ranar ciwon ya warke. Aka yi ta ɗauke wuta ana kawowa, ko harafi bai ƙara ɓata ba. Na gaya wa mai shagon cewa kan kebul ne ba ya zama daidai, kuma an magance shi, wanda duk gaskiya ne. Inna ta dawo da tsokanarta, kumatunta suka ciko.

Rannan na biyo in ɗauki akwatina na aro in mayar mata da nata. Na gama haɗawa, na fito lungu ina ɗaure kaya, ita kuma ta koma kan bugunta. Sai ga mai shagon, cikin fara'a.

"Injiniya, ka ce ya warke. Bari in gani da idona."

Makunnin wutar ɗakin baya a lungun yake, daidai kafaɗarsa. Kafin in buɗe baki ya kashe shi.

Akwatin ya tsala kuka. Mai shagon ya taka zuwa bakin ƙofa yana murmushi, yana jira ta juyo ta yi masa faɗan wasa da wuta. Ba ta juyo ba. Na so in kutsa in buga tebur, in yi tuntuɓe da gangan, in yi ko mene ne, amma ya cika ƙofar da jikinsa.

"Inna," ya ce.

Yatsunta na gudu.

"Inna!"

Ya faɗa da ƙarfin da har mutanen shagon kusa suka leƙo. Murmushin ya bar fuskarsa. Ban taɓa jin tsawon ɗan jinkirin nan na saƙo ba sai ranar. Da ya fito, ta adana aiki, ta ɗaga murya ba tare da ta waiwaya ba, irin muryar wanda ba ya jin kansa.

"An ɗauke wuta! Ɗan nan, zo ka gani, ta gaya mini!"

Sannan ta juyo, ta ga wanda ke tsaye.

Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya shiga ya durƙusa a gabanta, inda haske ke dukan fuskarsa, kamar dama ya san ƙa'idar.

"Tun yaushe, Inna?"

"Aikina ya ɓaci ne? Duba ka gani. Injiniya ya gyara. Ko layi ɗaya bai ƙara ɓata ba."

Na sa baki. Na ce na tsaya mata, saƙon ba zai ƙara ƙin fitowa ba, in ya ƙi a kama ni. Ko kallo na bai yi ba.

"Ba maganar aiki nake ba," ya ce mata a hankali, yana buɗe baki sosai. "Kina can ƙarshen lungu, kin ba ƙofa baya, shago cike da takarda. In wuta ta kama a gaba muka yi ihu, wa zai ji a nan? Na ɗauki maigida a kafaɗata ranar da ya fito daga hayaƙi. Ba zan ɗauke ki ba."

Na san gardamar Inna, na san kaifin bakinta. Da wani dalilin ya kawo, da ta yi masa kaca-kaca. Amma ya kawo wanda ita kanta ta fi kowa tsoro. Na ce a dawo da teburinta gaba mana. Ya ce gaba wurin masu shigowa ne, kowa na magana lokaci guda, ga waya, ga injin fotokwafi, a nan ne ma za ta tozarta. Na tsane shi a ranar, kuma na kasa cewa ƙarya yake.

Ta ƙarasa aikin da ke hannunta. Da lokacin tashi ya yi ta zare komai, ta naɗe, ta jera, ta lulluɓe. Washegari 'yarta ta zo da mota.

An ɗauki wata a gurbinta, mai kunne garau. Bayan wani lokaci aka kira ni, wai saƙon nan yana fitowa ya rufe mata aiki, in cire shi, ai tana jin kukan akwatin. Na durƙusa ƙarƙashin tebur. Ɗan kebul ɗin na nan zaune daram, ƙura ta lulluɓe shi tare da sauran, da gani ba wanda ya ƙara taɓa ko ɗaya. Na ce mata ba ya ciruwa, na ɗauki jakata.

Daga nan gidan 'yar na wuce. Na tarar da Inna a lungun falo, a kan wata kujera mai laushi da ta haɗiye rabinta. Jikoki na kallon talabijin, suna tsallake ƙafafunta. Abin kunnen na kan tebur, ba ta sa ba. Kusa da ita ga tafiretar da mijinta ya fito da ita daga wuta, a lulluɓe da ƙyalle. Yatsunta na motsi a kan gwiwarta, ita ba ta ma sani ba. Ba ta tambaye ni zancen aure ba.

"Zauna nan inda zan gan ka," ta ce. "Kwamfutar da akwatin, suna magana?"

"Suna magana, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta kalli hannuwanta.

"In an tashi, wa ke zare kaya daga soket?"

Na juya fuskata wajen ƙofa. "Babu kowa," na ce.

Ta kamo hannun rigata.

"Juyo, ɗan nan. Ban ga abin da ka ce ba."